Yadda Na Fito da Yaya Talatu daga Kumasi

Tun ran da na dawo ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago: "Garba Tela, wai yaya Kumasi?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. To ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in gama wa mutane kayansu.

Abin da zan fara faɗi, kuma kowa ya sani, a duk Funtuwa ba a haifi mai baki irin nawa ba. Na taɓa ba mutum wandon da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya tafi yana godiya, yana cewa ashe ƙafarsa ce ke da matsala. Da bakin nan na ratsa ƙasa huɗu. A lokacin da mutane ke fitowa daga Gana kamar an zuba wa gidan tururuwa ruwan zafi, ni kaɗai na sa kai ciki, na ɗauko yayata Talatu daga tsakiyar 'yan sanda, na kawo ta gida ko ɗankwalinta bai goce ba. Haka nake faɗa a shago, kuma babu ƙarya a ciki. Sai dai akwai wurin da nake tsallakewa.

Yaya Talatu ita ta goye ni. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya mijinta Malam Sule, falken goro, ya tafi da ita Kumasi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, sau uku kacal ta zo gida. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, ta zauna tana sayar da abinci a Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi. Da rediyo ya faɗi cewa sabuwar gwamnatin can ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya fita, Innarmu ta daina cin abin kirki. Bayan ƙaramar salla ta kira ni ɗakinta.

Ta ce, "Garba, surutunka bai taɓa amfana mini komai ba. Je ka ka yi wa Talatu shi har ta biyo ka."

Na ce, "Inna, ki sa a share mata ɗaki."

Daga Funtuwa zuwa Sakkwato babu labari sai shingen soja, don yaƙi bai ƙare ba tukuna: a sauke mu, a dube mu, a mai da mu. Labari ya fara a wajen Kwanni. Muna shiga Nijar sai na ga direba ya bar hannunsa ya koma hannun dama, ga wata gingimari ta taho da gudu. Na miƙe tsaye a bayan mota na kwarma salati, na ce jama'a kowa ya yi kalmar shahada. Motar ta wuce ta gefenmu lafiya lau. Wata tsohuwa 'yar Doso da ke zaune kan buhun albasa ta ce, "Malam, zauna, a nan haka ake tafiya. Ka taka mini kaza." Daga nan har Yamai 'yan motar nan Shahada suke kirana.

A Yamai na fara ganin abin da idona. Jirgin fito yana ta ƙetaro da motoci daga wancan gefen kogin Kwara, kowace an yi mata lodi har sama: gadaje, tabarmi, kwalla, keken ɗinki, mutane a kan kaya, 'ya'ya a kan mutane. Na ga wani dattijo rungume da agogon bango, ba shi da bangon. Wani ya tambaye ni ina na nufa, na ce Kumasi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Allah ya ba ka lafiya." Irin wadda ake yi wa mai taɓin hankali.

Motar da ta ratsa da mu ƙasar Mosi fanko take komawa ɗauko wasu. Mu uku ne a bayanta, muna gangarawa daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar gyaɗa a faranti. Masauki kuwa ƙarƙashin motar ne, matashina takalmina.

A kan iyaka, kusa da Bawku, layi ɗaya ne wanda ba a ganin ƙarshensa, na masu fita. Tagar masu shiga a rufe take, har gizo-gizo ya yi saƙa. Na ƙwanƙwasa. Ma'aikacin ya leƙo yana mamaki, ya juya fasfona gaba da baya. Na gyara murya na ce masa ni babban ɗan kasuwa ne, ina da kantuna a Kano da Ikko. Ya ce in buɗe jaka. Almakashi ne ya fara faɗowa, sai tef, sai zare da allura. Da Hausarsa mai kauri ya ce, "Babban ɗan kasuwa, wandona ya yage." Kafin la'asar na ɗinke wando bakwai da hannu, maɓalli kuwa ban san iyakar waɗanda na dasa ba, har matar wani ta aiko da labule. Sannan aka buga mini hatimi: kwana goma sha huɗu, ba ƙari.

Kwana biyu muka yi a bakin ruwan Yeji muna jiran jirgi. A nan na gamu da dokunu. Tuwon masara ne da ake naɗewa a ganye, a bar shi ya yi tsami da gangan. Na kai loma ɗaya na ce wa mai sayarwa, "Baiwar Allah, wannan ai ya kwana uku." Ta ce shi ya sa ya yi daɗi. Na zauna na cinye shi tas ina hawaye. Dole in tsaya a nan in yi bayani, don shi ne tushen abin da ya biyo baya. A gidanmu ba a zubar da abinci. Inna in ta ga ƙwayar shinkafa a ƙasa sai ta durƙusa ta tsince ta. Tuwon jiya ɗumame ne, ƙanzo a jiƙa a sha, abin da ya gagari mutum na akuya ne. Ni da ba ni da wani tsoron Allah na a zo a gani, wannan guda ɗaya na riƙe shi da hannu biyu.

Kumasi gari ne na tudu da gangare da rufin kwano mai tsatsa, ga zufa tun da asuba. Amma Zango shiru. Unguwar da aka ce mini ko Kano ba ta fi ta hayaniya ba, na same ta kowace ƙofa ta uku da kwaɗo. A bakin titi an jera gadaje da kujeru da akwatin rediyo ana sayarwa a wulaƙance, ba mai ko taya su.

Na sami Yaya a ƙofar gida, zaune a bayan wata tukunya da za a iya yi wa jariri uku wanka a ciki lokaci ɗaya. Ta yi jiki, ta yi furfura. Ta daɗe tana kallona.

"Garba? Har yanzu kana magana kamar da?"

Na ce, "Yaya, na ƙaru."

Ta ce, "Innalillahi." Sannan ta kama hannuna ta fashe da kuka.

Abin da take sayarwa shinkafa da wake ne, amma ba irin namu ba. Da karan dafi ake dafawa har ya yi ja, a zuba taliya da garin rogo da wani baƙin yaji soyayye da suke kira shito, a ɗora kifi ko ganda, a ƙunsa a ganye mai faɗi. A can ba mai kiran sunanta, Mma kowa ke ce mata.

Gidan na haya ne, ɗaki goma sha biyu kewaye da tsakar gida, bakwai babu kowa. Aka ce in zaɓa. Tunda aka haife ni ban taɓa mallakar ɗaki bakwai ba, amma ba wanda na ji daɗinsa; kowanne akwai ƙusa a bango da alamar inda hoto ya taɓa zama. Mai gidan wata Ba'asantiya ce, Mame Akosuwa, gajeriya mai muryar maza. Daga kawunta ta gaji gidan, don a wurinsu gado ta wajen uwa yake bi. Na ce mata da a garinmu ake haka, da na fi kula da kawuna. Ita ce ta ja ni cikin torotoro, wato ƙaramar motar hayarsu, ta kai ni kasuwa. Kasuwar nan in ka shiga da baƙin gemu da furfura za ka fito. Mata ke riƙe da ita, ba sa sunkuyar da kai in suna ciniki. Wata a unguwar Adum ta kira ni Papa Hausa, ta sa na sayi sabulun da ban nema ba. Ran Asabar na ga mutane sun yafa jan zane da baƙi, ana kiɗa ana rawa, na tambaya auren wa ake yi. Aka ce makoki ne.

Kwana uku ina yi wa Yaya magana. Na kawo Inna, na kawo tsufa, na kawo ɗakin da aka share. Tana tuƙa tukunya tana saurare.

Ta ce, "Kabarin Malam yana maƙabartar Tafo. 'Ya'yana huɗu suna gefensa. In na tafi wa zai riƙa zuwa?"

"To takarda fa, Yaya?"

"Wa zai tambaye ni takarda? Saja Bukari?"

Saja Bukari ɗan sanda ne, mutumin arewacin Gana, dogo mai tsage a kumatu. Kullum da hantsi yana zaune a bencinta, hularsa a gwiwa. Shekara goma sha biyar yana cin abincinta. Ran da muka gaisa ya ce mini da Hausar can, "Mma uwana ne. Kai ke nan kawuna." Na ce na karɓi sarautar.

Bayan layinmu akwai bola, bayan bolar akwai filin makanikai inda ake jibge matattun motoci. Ran na huɗu na bi ta can ina yawo, sai na ji tari daga cikin wata gingimari marar taya. Mutane ne. Wasu sun sayar da komai sun saki ɗaki don su tafi, mota ba ta samu ba. Wasu masu gida ne suka fitar da su don tsoron kada a kama su da ajiye baƙo. Da a barandar masallaci suke kwana, ana kai musu sadaka, sai 'yan sanda suka gane cewa duk inda aka ajiye kwanon sadaka nan za a sami marasa takarda. Aka kwashe su sau biyu. Waɗanda suka rage suka watsu cikin motocin nan.

A wata tsohuwar mota na sami wani dattijo zaune a kujerar direba kamar mai jiran fasinja. Baba Hamani sunansa, Bazabarme, ɗan dako. Shi ya riƙa ɗaukar wa mijin Yaya huhun goro. Tun yana ƙarami aka zo da shi Kumasi.

Na ce, "Baba, me ya hana ka tafi gida?"

Ya ce, "Na je tasha. Suka ce wane gari? Na faɗi sunan. Ba wanda ya taɓa ji. Ni ma ban tabbata haka ake faɗinsa ba."

Na ɓara masa goro. Na ce, "To me kuke ci a nan?"

Ya ɗan dube ni, ya ce, "Allah ke ciyarwa."



Maganar ciyar da mutanen nan ita ake yi kullum bayan la'asar a harabar masallacin unguwa. Alhaji Inuwa, mai gidaje uku da kanti, haifaffen garin mai takardarsa, sai ya ce, "Ku kuna neman lada, mu ake fasa wa ƙofa. Ran da 'yan sanda suka zo har ɗakin iyalina suka shiga. A daina, kowa ya san inda ya nufa." Liman ya ce shi tun tasowarsa bai taɓa jin baƙo ya kwana da yunwa a Zango ba, ba ya so a fara a zamaninsa. Wani mahauci ya ce shi dai nama yana wari a kan teburinsa: masu saye sun tafi, masu so ba a yarda a ba su ba. A yi ta yi har a kira magariba, a watse, gobe a dawo kan maganar jiya. Abin da aka tsayar tun kafin in zo shi ne, ba sadaka a ƙofar masallaci, ba tara mutane, abin da ya yi kwantai a zubar.

Ban ɗauka da gaske ake zubarwa ba sai da na gani. Yaya ba ta rage awo ba ko da masu saye sun ragu, kullum rabin tukunya ke saura. Da azahar sai su shige madafa ita da Mame Akosuwa su turo ƙofa. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Ƙunsawa suke a ganye, suna jerawa a ƙasan kwandon shara, su shimfiɗa tsohuwar jarida, su rufe da ɓawon agade da na doya. Ƙarfe biyu Mame Akosuwa ta ɗora a ka, ta kai gindin wani mangwaro a bakin bola, ta dawo da kwandon jiya fanko.

Na tare Yaya. "Me nake gani haka?"

"Kwantai ne. Ya lalace."

"Daga safe zuwa azahar ya lalace?"

Ta ce, "Garba, nan ba Funtuwa ba ne. Abin da ka gani, ka bar shi a idonka."

Na ɗauka kunya ce ta kama ta. Washegari na saci ƙunshi ɗaya daga kwandon na ci: da zafinsa, har da kifi. Na ce lallai zaman Kumasi ya ɓata 'yar Inna. Bayin Allah suna tari da yunwa taku hamsin daga bola, ita tana ciyar da ungulu. Kada ku tambaye ni yadda aka yi ban haɗa biyun ba. Na tambayi kaina daga Kumasi har Funtuwa.

Ran na tara mai unguwa ya kira babban taro a harabar masallaci. An gayyato wani sufeton 'yan sanda, mutumin kudu, ba ya jin Hausa, Saja Bukari na tsaye a bayansa yana yi masa tafinta. Manufar ita ce a nuna masa Zango ya bi doka, ya daina aiko mota ana fasa gidaje. Ni kuwa na tafi da ƙunshi na biyu a aljihu. Alhaji Inuwa ya yi magana, Liman ya yi tasa a taƙaice. Sufeto yana gyaɗa kai, ya rufe ɗan littafinsa, ya fara neman sandarsa. Sai na miƙe.

Na ce, "Jama'a, ni baƙo ne, amma da idona na zo. Kwana tara ina jin kuna gardama a kan wa za a ba, wa ba za a ba ba. Alhali abincin yana bola!" Na zaro ƙunshin na kwance, na ɗaga sama. "Ku duba! Har da kifi! Kullum ƙarfe biyu, kwando guda, a gindin mangwaro. Kuma ba daga nesa ba, daga tukunyar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, don ni ba na ɓoye gaskiya saboda dangi. Ku gaya mini, a wace ƙasa ake ƙunsa shara a ganye, a ɗaure ta tsaf kamar za a kai wa suruki?"

Ban taɓa samun shiru irin wannan ba. Na ɗauka magana ce ta ratsa su. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Mahauci yana ta ƙifta mini ido kamar ƙwaro ya faɗa masa. Har Alhaji Inuwa, mai cewa a daina, ya ce a hankali, "Malam, zauna mana." Daga baya na ji cewa garin rogon da ke cikin ƙunshin nan daga kantinsa yake fitowa kyauta.

Sufeto ya waiwaya ya tambayi Saja me nake faɗi. Saja ya ce masa baƙo ne, yana yabon abincin Kumasi. To ni shekara shida na yi ina ɗinka wa ma'aikatan reluwe kaki, ina da ɗan Turancina, kuma na ji. Haushi ya kama ni, an rage mini magana a gaban jama'a. Na matsa gaba na gaya wa sufeto da bakina: abinci mai kyau, bola, ƙarfe biyu, kullum. Na nuna masa da yatsu biyu don kada ya ɓata. Ya buɗe littafin da ya riga ya rufe. Ya tambayi sunan mai tukunyar, na faɗa, har na taimaka masa da yadda ake rubutawa. Sannan ya tambayi Saja abin da ke bayan bolar.

Muna fitowa mahauci ya shaƙe mini wuyan riga. "Kai wane irin mutum ne? Ungulu ke kwance ƙunshi? Ungulu ke mai da kwando fanko? Duk Zango an sani, har awaki sun sani, ba wanda ya buɗe baki sai kai!"

Sai a nan na haɗa biyun.

Sufeto bai jira gobe ba. Mame Akosuwa ta ruga ta ɓarauniyar hanya don ta gaya wa su Baba Hamani, ta tarar mota biyu sun riga sun tare filin. Ina tsaye a bakin layi kafin magariba motar farko ta wuce, cike. Baba Hamani yana tsaye a ciki riƙe da ƙarfe. Ya hange ni ya ɗaga mini hannu. Shi bai san komai ba. Mutumin da ya ba shi goro ya gani.

Yaya ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi jin sauƙi. Tana zaune kan turmi a tsakar gida, ta dube ni sau ɗaya, ta tashi ta shiga ɗaki.

Da hantsi Saja Bukari ya zo, bai zauna a benci ba. Ya cire hula ya ce, "Mma, sati huɗu ina wucewa ta bolan nan ina kallon sama. Wuyana har ya yi ciwo. Abin da ba a faɗa ba, ban ji ba. Yanzu an faɗa, da Turanci, an rubuta. Sunanka yana littafi. Kwana uku na iya roƙa maka." Ta zuba masa a ganye kamar kullum. Ya karɓa ya riƙe, bai ci ba.

Na ce, "Bari in je ofishin da kaina in yi wa sufeton nan bayani."

Shi da Yaya da Mame Akosuwa suka ce "A'a!" lokaci ɗaya.

Ba ta sayar da komai ba. Tukunyar ta bar wa Mame Akosuwa, da ludayin, da bencin. Ran na biyu muka je Tafo. Ta durƙusa ta cire ciyawar kaburbura biyar da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye riƙe da buta. Mame Akosuwa ta ce mata, "Tafi, Mma. Ni ba musulmi ba ne, amma na iya cire ciyawa." Kayan da Yaya ta ɗauko daga shekara talatin da ɗaya akwati ɗaya ne da ƙullin zannuwa da carbin Malam.

Dawowa ba sai na ja ta ba. Yanzu mu ne a dogon layin, mu ne mutane a kan kaya. Yaya ba ta ce mini uffan ba. In tana son ruwa sai ta nuna buta. A Yeji kwana huɗu muka yi muna jiran jirgi, guzuri ya ƙare tun ran na biyu, kuma an kori masu abinci daga bakin ruwa, wai kada mutane su mai da wurin gari. Ran na uku da rana wata mata ta taho da kwandon shara a ka. Ta ajiye shi kusa da mu kamar ta gaji, ta gyara ɗaurin zane, ta wuce ba ta waiwaya ba. Wani ya ɗaga ɓawon doya. Ƙunshi ne a ƙasa, a jere. Na buɗe baki zan ƙwala mata godiya, sai na ji tafin hannun Yaya a kan bakina, da ƙarfi, yana warin hayaƙi. Dokunu ne, ya fi na farko tsami. Na lashe ganyen.

Mun tambayi Baba Hamani a Tamale, mun tambaya a Bawku. A kan iyaka ma'aikacin nan ya gane ni, ya ce, "Babban ɗan kasuwa, har ka gama kasuwancin?" Na kwatanta masa dattijon, ya ce tsofaffi masu kama da haka sun wuce ba adadi. A Yamai na bi bakin ruwa ina leƙa fuskoki har ƙafata ta kumbura. Ban gan shi ba. In Allah ya sa wani cikinku ya bi ta can ya gamu da tsohon da ke tambayar garin da ba wanda ya sani, ya ba shi goro a madadina.

Mun iso Funtuwa ran Talata da hantsi. Inna ta shafa fuskar Yaya da hannu biyu, ta ce yau kam za ta ci abinci, a ɗora mata tuwo, ta ci malmala biyu. Wannan kam ba zan yi da-na-sani a kansa ba.

Kwana uku da dawowa abokai suka cika mini zaure. Gajiya ta ɗan sake ni, baki ya dawo. Na ba su labarin hannun dama, na ba su na wando bakwai, suka yi ta dariya. Na zo kan yadda na tsaya gaban sufeto ido da ido na yi masa Turanci, da yadda na fito da yayata daga Kumasi ni kaɗai, abin da ya gagari kowa. Sai aka turo kwano ta ƙarƙashin asabari, shinkafa da wake, ja, irin na can. Muryar Yaya ta biyo bayansa, kuma ita ce magana ta farko da ta yi mini tun daga Zango.

"Garba, kada ka rage wa kanka. Gwamnati da 'yan sandanta sun yi kusan wata biyu ba su ɗaga ni daga bakin tukunyata ba. Kai tsayuwa ɗaya ka yi."